Wa ke ciyar da ɗan gudun hijira a Gana: gwamnati, Majalisar Ɗinkin Duniya, ko gidajen zango?

Shin da gaske ne gwamnatin Gana tana ba 'yan gudun hijira kuɗi duk ƙarshen wata, alhali ga tsohuwar da aka haifa a unguwar Nima ta Akra tana tallan koko da ƙafar da ba ta takuwa? In ba haka ba ne, wa ke ciyar da su, wa ke biya musu asibiti, kuma me doka ta ce haƙƙinsu ne?

Maganar ta daɗe tana yawo a zango, amma ta ƙara zafi tun watan Mayun 2025, lokacin da jami'an shige da fice suka yi sammako suka kwashe mabarata sama da 2,000 daga titunan Akra, galibinsu mata da yara, mafi yawansu kuma 'yan Nijar. A daren, majalisarmu ta ataya ta rabu gida biyu. Wani ya ce gara da aka kwashe su, ai su ne ke cinye tallafin da ya kamata ya zo wa talakan ƙasa. Wani ya ce haram, doka ta hana a mayar da ɗan rifuji ƙasarsa. Aka yi ta musu har shayi na uku ya huce. Ni kuwa ina gefe ina ganin duka biyun sun yi tuntuɓe da dutse ɗaya: sun ɗauka duk baƙon da ya shigo da ƙunshin kaya a ka ɗan gudun hijira ne.

## A zango baƙo baƙo ne, a ofis kuwa iri-iri ne

A bakinmu kalmar ɗaya ce. Wanda ya zo fataucin goro, da wanda ya zo karatu, da wanda ya tsero daga wuta, duk baƙi ne, kuma duk a zaure ɗaya ake sauke su. Haka aka gina zangunanmu tun kafin yaƙin sarautar Salaga na 1892 ya tarwatsa fatake suka bazu kudu. Amma a gaban teburin gwamnati, sunan da aka rubuta maka shi ke yanke abin da za ka samu.

Ɗan gudun hijira a wurin doka shi ne wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa saboda tsoro mai dalili cewa za a gallaza masa don ƙabilarsa, ko addininsa, ko asalin ƙasarsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko don yana cikin wani rukunin jama'a. Ma'anar yarjejeniyar Janeba ta 1951 ke nan, wadda Gana ta shiga a 1963. Da shugabannin Afirka suka ga rigar ta yi wa nahiyar kaɗan, sai suka faɗaɗa ta a Adis Ababa a watan Satumban 1969: wanda mamayar sojan waje, ko mulkin baƙi, ko wata fitina da ta dagula zaman lafiyar ƙasarsa ta tilasta masa gudu, shi ma ya shiga. Da wannan ƙarin ne manomin da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a Burkina Faso yake samun gurbi, ko da maharan ba su san sunansa ba balle a ce shi kaɗai suke nema.

Ga inda gizo ke saƙa: talauci ba ya cikin jerin. Fari ba ya ciki, yunwa ba ta ciki. Matar da damina ta ƙi ta a karkarar Damagaram ta kwaso yara ta zo bara a Akra tana cikin wahala ta gaske, amma a takarda 'yar ci-rani ce. Abin da ke kare ta shi ne yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, mai ba da kwana 90 ba biza, ita ma ɗin in an shigo da takardun tafiya. Wannan ba ya nufin duk ɗan Nijar ɗan ci-rani ne. Wanda ya tsero daga harin 'yan bindiga a Tillaberi yana da hujjar neman mafaka, shi ya sa kamun taro yake da haɗari in ba a tsaya an tambayi kowa labarinsa ba.

Sai mai neman mafaka. Shi ne wanda ya riga ya kai kansa ya ce a karɓe ni, amma ba a yanke hukunci ba tukuna. Yana tsakanin ƙofa da zaure. Ba a yarda a tura shi inda ya gudo ba, amma bai kai matsayin wanda aka tabbatar ba.

Akwai kuma wanda ya rasa matsuguni a cikin ƙasarsa, irin mutanen Mepe da ruwan madatsar Akosombo ya kora a watan Oktoban 2023. Da Hausa su ma 'yan gudun hijira muke ce musu, amma su 'yan ƙasa ne, hukumar agajin gaggawa ta NADMO ce ke da su. Ba su cikin wannan magana.

## Dokar 1992 da kwana goma sha huɗu

Gana tana da dokarta ta kanta, ta 1992, wadda aka fi sani da PNDCL 305D, daga ƙarshen mulkin soja na Rawlings. Ita ta kafa Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Gana a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Hukumar ce ke cewa an karɓe ka ko ba a karɓe ka ba. Mutane da yawa suna ɗauka UNHCR ce, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira. Ita tallafi da shawara take bayarwa, hukunci na gwamnatin Gana ne.

Dokar ta ce wanda ya shigo, ta hanya ko ta daji, ya miƙa buƙatarsa cikin kwana 14, ko cikin ƙarin lokacin da hukumar ta yarda. In an ƙi shi, yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara wurin Ministan Cikin Gida. Tun 2025 mai wannan kujera shi ne Muntaka Mubarak, ɗan majalisar Asawase a Kumasi, wato ɗan zango ne da ba sai an fassara masa kalmar mai masauki ba.

Kwana 14 ɗin nan su ne farkon matsala. Mutumin da ya kwana uku a hanya da yara, bai jin Turanci, bai jin Tuwi, me ya sani game da wa'adi? Masallaci zai nema, daga nan a kai shi gidan ɗan garinsu.

## Abin da ke hannu: asibiti da makaranta

Abu biyu ne doka da aiki suka haɗu a kansu.

Na farko inshorar lafiya, NHIS. An kafa ta da dokar 2003, aka sake dokar a 2012, kuma an buɗe ta ga mazauna Gana, ba 'yan ƙasa kaɗai ba. 'Yan gudun hijira masu rajista suna shiga, kuma UNHCR ta daɗe tana biya wa marasa ƙarfi daga cikinsu kuɗin rajista da sabuntawa. Katin ɗaya ne da namu, layin ɗaya ne, haka kuma in likita ya rubuta maganin da aka ce babu a asibiti, kowa kemis zai nufa da kuɗinsa. Yara 'yan ƙasa da shekara 18, da masu ciki, da tsofaffi daga shekara 70, ba sa biyan kuɗin shekara.

A nan ne nake son mai cewa suna cin kuɗin harajinmu ya dakata. Mafi yawan kuɗin NHIS daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari yake fitowa, wanda ake ɗorawa a kan kaya da hidimomi. Duk wanda ya sayi katin waya ko sabulu ko gwangwanin madara ya biya, kuma mai kanti ba ya tambayar fasfo. Baƙon da ke zaune a unguwar Mamobi ta Akra yana zuba wa wannan asusu tun kafin ya san akwai shi.

Na biyu makaranta. Sashe na 22 na yarjejeniyar 1951 ya ce a ba ɗan gudun hijira ilimin firamare daidai da ɗan ƙasa, kuma Gana tana yi. Yaro yana shiga makarantar gwamnati, in makarantar tana cikin shirin ciyarwa da aka fara a 2005 ya ci abin da 'yan ajinsu suka ci. Da aka fara karatun sakandare kyauta a watan Satumban 2017, 'ya'yan 'yan gudun hijira masu rajista ma sun ci moriyarsa. Kyautar dai irin tamu ce: a firamare, yunifom da takalmi da littafin rubutu galibi suna kan uwa. Jami'a kuwa tudu ce, don kuɗin ɗalibin waje ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, galibi ma da dala ake yanka shi. Akwai tallafin karatu na DAFI da Jamus ke ɗaukar nauyinsa tun 1992, amma ƙofa ce ƙarama, masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba.

## Abin da babu: albashin wata

Yanzu ga ainihin abin da ake musu a kai. Gana ba ta da wani albashi da take biyan mutum don ya zama ɗan gudun hijira. Babu.

Shirin da gwamnati ke raba wa matalauta kuɗi a hannu shi ne LEAP, wanda aka fara a 2008, yanzu kuma yake ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da mata da yara da walwalar jama'a. Ba kowane talaka yake ɗauka ba. Sai gidan da ke cikin matsanancin talauci kuma yake da maraya ko yaro mai rauni, ko tsoho daga shekara 65 da ba shi da mataimaki, ko mai naƙasa mai tsanani, ko mai ciki da mai jariri. Duk wata biyu ake biya. A 2015 sidi 64 ne ga gida mai mutum ɗaya da ya cancanta, sidi 106 ga mai huɗu ko fiye. An ninka a 2023, aka sake ninkawa a 2024 ya koma 256 zuwa 424, aka ɗan ƙara a 2025. Kowa ya lissafa da farashin olonka ɗaya, wato kwanon awo, na shinkafa a kasuwar Nima ya ga kwana nawa zai kai gida.

Kuma LEAP ba taga ba ce da za ka je ka cika fom. Jami'ai ne ke shiga unguwannin da aka zaɓa, su yi tambayoyi gida-gida, a auna, a fitar da sunaye. A farkon 2025 gidajen da ke ciki a faɗin ƙasar kimanin 350,000 ne, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 30. Tsohuwarmu mai koko ba baƙo ne ya ture ta daga layi ba; layin ne bai iso ƙofarta ba.

Masu kare 'yan gudun hijira suna da hujja a nan, kuma ba ƙarama ba. Sashe na 23 na yarjejeniyar 1951 ya ce wanda aka tabbatar kuma yake zaune bisa doka, a ba shi agajin gwamnati daidai da ɗan ƙasa. Ke nan gwauruwa 'yar gudun hijira mai marayu huɗu ta cancanci a auna ta da ma'aunin da aka auna maƙwabciyarta. Amma daidai da ɗan ƙasa yana nufin daidai har a rashi. Sashen bai yi alkawarin abin da ɗan ƙasa bai samu ba, kuma mai neman mafaka da ba a gama shari'arsa ba, ƙafarsa a wannan sashe ba ta kai ta wanda aka tabbatar ƙarfi ba.

## To daga ina labarin daloli ya fito?

Ruwa ba ya tsami banza. Ina ganin tushe biyu ne.

Na farko samarinmu ne da suka bi ta Libiya suka tsallaka Italiya da Jamus. Suna kira gida su ce ana ba su ɗaki da abinci da kuɗin aljihu a sansani, kuma gaskiya suke faɗa. A Ingila ma mai neman mafaka yana karɓar kusan fam 49 a mako. Abin da ba a cika faɗa a waya ba shi ne an ba shi kuɗin ne don an hana shi aiki. Mu kuma sai muka ɗauko hoton Turai muka liƙa wa Gana.

Na biyu Buduburam ne, a kan hanyar Kasuwa zuwa Winneba. An buɗe sansanin a 1990 don 'yan Laberiya, ya girma ya zama gari mai kasuwa da coci-coci da shagunan waya. Duk wanda ya wuce a shekarun nan ya ga layin masu karɓar kuɗi daga waje, sai aka ce ai Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke biyan su. Alhali yawancin kuɗin daga 'yan'uwansu ne da aka kai Amurka. UNHCR ma ta janye agajin abinci na gama-gari daga sansanin tun wajen shekara ta 2000. Wanda yake da ɗan'uwa a Amurka ya ci, wanda ba shi da shi ya yi wanki ko ya sayar da ruwan leda.

Ƙarshen Buduburam ya nuna wani abu da ba a cika sani ba: matsayin ɗan gudun hijira yana ƙarewa. Ranar 30 ga Yunin 2012 aka ce Laberiya ta zauna lafiya, matsayin 'yan ƙasar ya ƙare. Ko ka koma gida, ko ka karɓi fasfon Laberiya da izinin zama ka zauna a matsayin baƙo kamar kowa. Haka aka yi wa 'yan Kotdibuwa na sansanonin Ampain da Egyeikrom da Fetentaa ranar 30 ga Yunin 2022. A farkon 2024 masu ƙasa suka sa katafila ta rushe wani babban ɓangare na Buduburam. Mutanen da aka haifa a wurin, waɗanda ba su taɓa ganin Monrobiya ba, suka kwana a azuzuwan makaranta. Haihuwa a Gana kaɗai ba ta ba mutum ɗan ƙasanci, sai ta jinin uwa ko uba ko kakanni.

## Wata mata a gidan kawuna

Bara waccan wata baiwar Allah ta sauka a gidan kawuna a Mamobi, ita da yara uku, daga gabashin Burkina Faso. Mijinta bai fito ba. Limamin unguwa ne ya kawo ta bayan sallar isha'i, kawu ya sa aka kwashe buhunan gawayi daga ɗakin da ke kusa da murhu aka shimfiɗa mata tabarma. Ba wanda ya tambaye ta takarda. Da safe matan gida suka miƙa mata kwanon koko da ƙosai, bayan mako biyu ta fara taya Hajiya tsintar wake, ana ba ta na cefane.

Wata na huɗu ƙaramin yaron ya kama zazzaɓi mai zafi, har yana fizge-fizge. Ni na raka su wani asibiti. Ma'aikaciyar da ke tebur ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce kati. Babu. Ta ce to lambar Ghana Card, wato katin shaida na ƙasa. Babu. Ta nuna mana tagar biyan kuɗi da bakin biro. An duba yaron, an yi masa ƙarin ruwa, ya warke, amma abin da muka biya a kwana biyu ya fi kuɗin inshorar gidan gaba ɗaya na shekara. Karo-karo aka yi a masallaci bayan la'asar.

Da muka dawo na ce, "Kawu, ya kamata a kai ta ta yi rajista a hukumar 'yan gudun hijira."

Ya dube ni ya ce, "Kai yaro ne. Ka rubuta sunan baƙonka a littafin gwamnati, ran da za a yi kora da wane littafi za a zo?"

Ban iya ba shi amsa nan take ba, don na san daga inda maganar ta fito.

## Tabon 1969

Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya bar Gana. Wata biyu kacal ke nan bayan an sa hannu a yarjejeniyar Adis Ababa. Dubban ɗaruruwa suka fita, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Kawu yana yaro a lokacin. Ya ga maƙwabta suna sayar da gida a kuɗin akuya, ya ga manyan motoci cike da mutane a kan kaya. A 1983 Nijeriya ta rama a zamanin Shagari, ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Tsoron bai tsaya a tarihi ba. A watan Yulin 2023 UNHCR ta fito ta nuna damuwa kan rahotannin cewa an mayar da ɗaruruwan 'yan Burkina Faso daga arewacin Gana, yawancinsu mata da yara. Gwamnati ta musanta cewa korar masu neman mafaka take yi, ta ce tantancewar tsaro ce. Ko ma yaya ne, labarin ya iso zango kafin jarida, kuma Fulani suka fi jin sa a jika.

Duk da haka ina ganin kawu ya yi kuskure, kuma kuskuren da gidaje da yawa ke yi ne da kyakkyawar niyya. Wadda ba ta da rajista ita ce ba ta da kariya ran da aka zo kamu, don ba abin da zai bambanta ta da wanda kwanakinsa 90 suka ƙare. Mai takardar neman mafaka yana da abin nunawa, kuma sashe na 33 na yarjejeniyar, wanda ya hana a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari, yana da inda zai kama. Ɓoye baƙo a 1969 dabara ce. A Gana ta yau, inda tun Yulin 2022 banki ba ya sauraron ka sai da Ghana Card, inda layin waya ma sai da shi, inda MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ke rataye a kan layin, ɓoye baƙo ɗaure shi ne. Matar nan layin da take amfani da shi da sunan 'yar kawu aka yi rajistarsa. In ɗan'uwanta ya aiko mata da kuɗi, sai ta jira yarinyar ta dawo daga makaranta. Katin baƙi na gama-gari kuwa dala 120 ne karon farko, dala 60 duk shekara, kuɗin da mai tsintar wake ba ta taɓa riƙewa a dunƙule ba.

## Aiki: an buɗe ƙofa, an rufe taga

Tunda ba a ba shi kuɗi, sai ya nema. Gana ba ta kulle 'yan gudun hijira a sansani, suna iya zama inda suka ga dama, kuma wanda aka tabbatar yana iya neman izinin aiki daga hukumar shige da fice ta hannun hukumar 'yan gudun hijira. In ya samu aikin albashi, za a yanke masa kuɗin fansho na SSNIT kamar kowa, kashi 5.5 daga gare shi, kashi 13 daga mai aikin.

Amma nawa ne a cikinmu ma masu aikin albashi? Zango da kasuwa yake rayuwa. A nan kuma dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa talla, da sayarwa a rumfar kasuwa, da aski da gyaran gashi, da tasi in motocinka ba su kai 25 ba. Da wannan doka ce ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta sha rufe shagunan 'yan Nijeriya a Circle da ke Akra da Suame Magazine da ke Kumasi. Wato sana'o'in da mai gudun hijira zai iya farawa da jarin sidi ɗari biyu su ne aka ce ba nasa ba ne. Yana yi dai, kamar yadda kowa ke yi, amma a ƙarƙashin rumfar wani, da sunan wani, kuma in an cuce shi ba ya kai ƙara.

## Masu cewa a'a, su ma a saurare su

Ba duk mai gunaguni ne mugu ba. A Tarikom da ke gundumar Bawku ta Yamma, da Zini a jihar Upper West, inda aka tsugunar da 'yan Burkina Faso tun bayan da suka fara kwararowa a 2022, masu masaukin suna cikin mafi talaucin Gana. In motar agaji ta wuce ƙofar manomin da ya ba da gonarsa ta sauke buhu a tantin baƙo, dole zuciya ta sosu. Shi ya sa masu aikin agaji suka koyi haƙa rijiyar burtsatse da gina aji da ɗakin shan magani na kowa da kowa.

Jami'an tsaro su ma suna da abin faɗa. Masu ɗauke da makamai suna kai hari a garuruwan da ke dab da iyaka, ga rikicin Bawku da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Amma wannan hujja ce ta a yi wa kowa rajista a san shi, ba ta a tsorata shi ya ɓuya ba.

Sai namu na cikin gida, wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Ɗan zango da kakansa ya yi wa Gwalkwas, wato Gana ta zamanin Turawa, aikin soja yakan je neman Ghana Card ko fasfo a dubi sunansa a ce ya kawo shaidar garinsu. Irin wannan mutum yana tsoron in baƙi suka yawaita a unguwa, shakkar da ake yi masa za ta ƙaru. Tsoron gaskiya ne. Sai dai abin da ke jawo shakkar shi ne baƙon da ba shi da takardarsa, har ya kai ga neman wani ya tsaya masa ya karɓi ta ɗan ƙasa ta bayan gida. Ran da aka kama ɗaya, zango duka ake shafa wa baƙin fenti.

## Abin da ke tafe

Alamu ba su nuna sauƙi ba. A 2025, bayan Amurka ta zaftare tallafin da take ba ƙasashen waje, UNHCR ta sanar da rage guraben aiki kusan 3,500 a duniya. In uwa ta rame, ɗan da ke nesa ya fi jin yunwa, kuma Gana ba ta cikin wuraren da duniya ke kallo. Kuɗin sabunta katin asibiti da ɗan jarin sana'a su ne irin abin da ake fara yankewa.

Ga kuma ficewar Burkina Faso da Mali da Nijar daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice kamar da, har sai an sake shawara. In wata rana aka janye wannan sassauci, dubban mutanen da ke zaune a zangunan Akra da Kumasi a inuwar ECOWAS za su wayi gari ba inuwa, kuma waɗanda suka gudo daga yaƙi amma ba su taɓa yin rajista ba za su tarar an jera su layi ɗaya da 'yan ci-rani.

Hanyar kuma ba ta tafiya gefe ɗaya. A watan Agustan 2025, rikicin fili a Gbiniyiri da ke jihar Savannah ya kori dubban 'yan Gana suka tsallaka Kotdibuwa, suka tsaya a gaban teburin wasu ana tambayar su suna da kati.

Kawu dai bai sauko ba sai da Hajiya ta sa baki, ita da ta ga yaron yana fizge-fizge a cinyarta. Aka kai matar, aka yi mata tambayoyi ta bakin tafinta, aka ba ta takardar mai neman mafaka ta wucin gadi da ake sabuntawa. Da ita aka yi wa yaran katin asibiti, babbar kuma ta shiga aji biyu tana da shekara goma. Ba a ba ta ko sisi ba. Har yanzu a ɗakin gawayi take, har yanzu daga tukunyar Hajiya ake zuba musu tuwo, takardar kuma tana cikin leda biyu a ƙasan akwatin kawu, don ya ce shi zai riƙe.